Surukina da Jan Maɓalli

A Agege aka haife ni, a wani gidan haya da ke bayan layin dogo, inda in jirgi ya zo wucewa sai kwanukan mahaifiyata sun yi ta kaɗawa a kan kanta. Goro ne ya kawo kakana Legas, mahaifina ya gaje shi, ni kuwa boko ya shiga tsakanina da huhun goro. Na yi makarantar koyon sana'a, na fito da takardar aikin lantarki, na dawo unguwa na zauna a bencin mai shayi har bencin ya san ni. Wanda ya tashe ni daga wurin wani dattijo ne maƙwabcinmu, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya daɗe yana aiki a wani kamfanin man shafawa a wajen Ogba. Shi ya kama hannuna ya kai ni. Da aka kwana biyu ya ga ba na fashin aiki, ba na bin 'yan iskan tasha, sai ya ƙara mini da autarsa. Mutum ɗaya ya ba ni aiki ya ba ni mata. Sunansa ban taɓa furta shi ba yana da rai, ba kuma zan fara yanzu da alƙalami ba. Baba muke ce masa, mu da Yarabawa da Ibo, har da manaja kansa.

Kafin auren, ni da Baba har hira muna yi. Ranar da aka shafa fatiha komai ya canza. In na hango shi sai in cire takalmi in tsugunna, in gaishe shi idona na ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Ba na cin abinci a gabansa. In na iso tasha da safe na tarar yana cikin danfo, ƙaramar motar hayar Legas, sai in koma bayan mai gasa masara in jira ta gaba, ko da kuwa zan makara. Abokan aikinmu 'yan kudu suna yi mini dariya, suna cewa wai ni ɗan Legas ne a baki kawai, amma a gaban suruki na fi mutumin ƙauye ƙauyanci. Ban damu ba. Kunyar nan ba ta yi mini nauyi, daɗinta ma nake ji, don ita ce hanyar da nake da ita ta nuna wa mutumin nan cewa na san abin da ya yi mini.

Aikinmu dafa man shafawa ne, zubi-zubi. A narka mai da kaki a tukunya ɗaya, a ɗumama ruwa a wata, sannan a haɗa su a babbar tukunya wadda sai an hau matakala ake leƙa cikinta. A cikinta akwai wani ƙarfe mai fukafukai da ke juyawa, mu muciya muke kiransa. In sun haɗu sun zama abu ɗaya sai a bari ya huce a hankali, a zuba turare daga ƙarshe, a tura wa injin ɗura. Zubi ɗaya yakan cinye mana safiya. Ni ina kan tukunyar narki, Baba kuwa shi ke da babbar tukunya tun kafin in san hanyar makaranta.

Injinan da muka tarar kowanne da halinsa. Wani koren maɓallinsa na hagu, wani na dama, wani sanda ake ja masa, akwai ma wanda sai an ɗan tokare shi da gwiwa yake tashi. In mai inji bai zo aiki ba, ranar an shiga uku, don ba wanda ya san lagonsa sai shi. Na Baba maɓalli biyu gare shi, kore da ja. Jan har ya koɗe a tsakiya saboda babban yatsansa. In yana son ya leƙa, ja. In yana son ya ɗebo man ya murza tsakanin yatsu, ja. In an kira salla, ja. In ya dawo ya danna kore, muciya ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wani lokaci man ya fito sumul, wani lokaci ya tsinke a cikin kwalba bayan ya kai kasuwa, a ce ai zafin Legas ne.

Da sojoji suka koma bariki, masu kamfanin suka sami ƙarfin gwiwar zuba kuɗi. Ba a jima ba aka fara shigo da akwatuna, aka ja wayoyi, aka kafa wa kowane inji allo mai haske. Wadda ta jagoranci aikin wata injiniya ce Bayarbiya, gajera, mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ba ta wuce sa'ar matata da yawa ba. Ta tara mu a ɗakin cin abinci ta yi mana bayani da Turanci. Ta ce daga yanzu duk injinan gidan nan hali ɗaya za su yi. Ko tukunya ce, ko injin ɗura, ko na wanki, a kowane lokaci yana cikin hali guda sananne, kuma daga wannan halin akwai ƙofofin da aka yarda ya bi, akwai waɗanda aka toshe. Ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba, tsari ne da masana'antu suka yi ittifaƙi a kansa, don wanda ya iya a nan ya iya a kamfanin magani ko na alewa ba sai an sake koya masa daga farko ba.

Kowane hali da launinsa a allon. Fari, inji na zaune babu komai a cikinsa, yana jiran aiki. Kore, yana aiki. Shuɗi, ya kammala zubi. Rawaya shi ne sabon abu, shi na sa wa suna riƙo: an daina zuba komai a tukunya, an rage wuta, amma muciya na ci gaba da juyawa a hankali don kada man ya rabu, kuma in ka gama abin da ya tsayar da kai sai ka ce ta ci gaba, ta ɗora daga inda take. Ja kuwa na haɗari ne. Da ka taɓa shi tururi da muciya da bututu duk su mutu lokaci ɗaya. Kuma babu ƙofa daga ja zuwa kore. Sai an juye abin da ke ciki, an wanke, an koma fari, an faro sabon zubi. Akwai wasu halayen, amma waɗannan su ne tuwonmu na kullum.

Ni dai abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina jin haushin injin da sai an yi masa lallashi kamar amarya. Yanzu in aka ce in koma injin ɗura, launukan da na sani su zan tarar. Da injiniya ta tambaya ko akwai mai tambaya, Baba ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Na san bai gane ba. Turancinsa na tasha ne, kuma ko da Hausa aka yi, dattijo kamarsa ba zai ɗaga hannu a gaban yaran da ya kawo aiki ya ce wa sa'ar 'yarsa ta maimaita ba.

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Ba a yi nisa da fara sabon tsari ba Baba ya so ya leƙa tukunya, yatsansa ya tafi inda ya saba. Komai ya yi tsit. Ya danna kore, allon ya ƙi. Ya sake dannawa, ya ƙi. Haka aka juye zubi guda a durom-durom, ana kallo. Wani ya raɗa masa cewa rawaya ake dannawa. Karo na gaba ya danna rawayan, launin ya fara ƙyaftawa, muciya kuwa ba ta fasa juyawa ba. A wurin Baba, injin da aka ce ya dakata dole ya yi shiru. Ya ɗauka ba ta ji ba ne, sai ya kai wa ja duka. Aka sake juye wani zubin.

Manaja bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan. Sanarwa ya bayar cewa ƙarshen wata kowane mai inji zai yi gwaji a gaban injiniya, wanda bai ci ba a mayar da shi sashen kwali, inda 'yan mata ke manna takarda a jikin kwalba. Ba kora ba ce, albashi ma ba za a taɓa ba. Amma duk wanda ya san Baba ya san da a kore shi ya fi masa sauƙi. Mutumin da ake kai wa ƙara in Hausawan kamfani sun saɓa, wanda in ya shigo masallacin unguwa ake buɗa masa sahu, a ce ya zauna a kan kujerar roba yana shafa gam? Labarin zai riga shi isa Agege. Ranar na ga ya hau matakalar tukunyarsa a hankali, yana dafa ƙarfe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ana cikin haka injiniya ta kira ni. Ta ce ita tana fama da sauran injina, ni zan koya wa Hausawan aikin safe kafin ranar gwaji, musamman Baba. Na ce mata da Yarabanci, don ta ji da kyau, cewa Baba surukina ne.

"To sai me?" in ji ta.

"Ba na iya kallon idonsa, balle in ce masa ya yi kuskure."

Ta yi dariya har da dafa tebur. "Ni ma in na je gidan surukina gwiwa biyu nake zubewa. Amma bakina ba ya durƙusawa."

"Namu har bakin yake durƙusawa, ranki ya daɗe."

"To ka san yadda za ka yi. Kai ka ji Hausa, kai ka gane allon, kai na zaɓa. Kuma ka sani, ba na son in ga tsohon nan a sashen kwali, amma ba zan ba shi abin da bai ci ba."

Gaba kura, baya sayaki. Na gwada, Allah ya sani na gwada. In je gindin matakalarsa in tsugunna, in ce, "Baba, barka da aiki." Ya ce, "Barka kadai." In ce, "Ya gajiya?" Ya ce, "Babu gajiya." In ce, "Ya muka ji da zafi?" Ya ce, "Lokacinsa ne." Sai maganar ta maƙale. In ƙara gaishe shi in tashi. Har ya fara yi mini kallon ko wani abu ya faru a gida ne nake jin nauyin faɗa. Sauran yaran duk na koya musu, sun kama. Shi kuwa wanda aka yi abin dominsa, ban iya ce masa ko rawaya ba.

Matata ce ta warware mini. Na dawo da yamma na zauna a bakin ƙofa na yi tagumi, ita tana tuƙa tuwo a kan risho. Na zayyana mata komai. Auta ce, ba ta san wani abu wai shi tsoron Baba ba, har hularsa takan cire ta gwada. Ta saurara, ta kwashe tuwonta tsaf, sannan ta ce, "Kai dai boko ya cinye maka kai. In mun je gida, Inna ta taɓa ce maka ka zo ka ci abinci?"

Na ce a'a.

"To ya kake sanin an zuba maka?"

Sai na tuna. Surukata in ta gama abinci, tsayawa take a tsakar gida ta ce wa iska, "A gaya wa mutanen ɗakin can tuwo na hucewa." Ba ta kalle ni ba, ba ta kira ni ba, kuma ban taɓa kwana da yunwa a gidan ba.

"Ka samo wanda za ka koya wa a inda Baba zai ji," in ji ta. "Amma ka samo daƙiƙi, don a daɗe ana maimaitawa."

Daƙiƙin da na samo shi ne ya fi kowa kai a kamfanin. Abokina ne, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, shi ke kan injin ɗura. Tun ranar farko ya haddace allon, har injiniya takan tura shi ya duba wa wasu. Da na faɗa masa abin da nake so, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Wato ni ne zan zama jakin?"

"Kai ne."

"A gaban mutane?"

"A gaban Baba kawai."

Ya ce saboda Baba zai yi, don shi ma Baba ne ya tsaya masa lokacin da ya zo Legas ba shi da wurin kwana. Amma duk ranar Juma'a tsirensa na wuyana, kuma ban da na hanji.

Bayan ɗakin tururi akwai wata bishiya mai faɗin ganye. Nan Baba ke zama bayan azahar, a kan kwalin da ya shimfiɗa, da 'yar rediyonsa da goronsa. Muka je muka zauna nesa kaɗan, ni na ba shi baya. Na ɗebo murafun kwalba daga shara, fari da kore da rawaya da shuɗi da ja, na jera a ƙasa, na ja layi da tsinke tsakanin waɗanda ke da ƙofa. Na ɗaga murya kamar mai tallan magani a molue, babbar motar hayar nan ta Legas.

"Ka ɗauka tukunyar nan danfo ce. Fari, tana tasha babu fasinja. Kore, ta cika ta kama hanyar Oshodi. To kun iso Ikeja sai ga gosulo. Direba kashe mota yake ya ce kowa ya sauka?"

"Sosai ma," in ji abokina. "Ni in ni ne direba kashewa zan yi, mai na tsada."

"Kai, a'a! Taka burki yake, inji na kunne, fasinja na zaune. Hanya na buɗewa ya wuce. Wannan shi ne rawaya."

"To ja fa?"

"Ja shi ne mota ta kama wuta. Kowa ya dire ta taga. Bayan nan akwai wanda zai koma ciki ya ce a ci gaba da tafiya?"

"In na biya kuɗin mota ai sai na koma."

Haka muka yi ta yi. Mutumin nan ya iya wauta kamar gadonta ya yi. Yau in koya masa, gobe ya zo ya ce ya manta. Ya ɗauki jan murfi ya ɗora a kan kore ya ce ai ga hanya nan. Wani lokaci har haushinsa nake ji da gaske, in manta wasa muke. Baba bai taɓa juyowa ba. Amma na lura da abu ɗaya: da mun zauna sai muryar rediyon ta ragu, har ta koma kamar kukan sauro.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙyaftawar nan. Inji ba ya tsallakawa daga kore ya faɗa rawaya kai tsaye. Akwai ɗan tsakani da yake rufe bututu ɗaya bayan ɗaya, yana sauke wuta, launin na ƙyaftawa. Haka ma in zai koma aiki. A wannan tsakanin ba a son hannun kowa. Na ce wa abokina direba ne ke rage gudu, ba a fizgar masa sitiyari. Ya ce shi bai yarda ba, in ya danna abu bai tsaya nan take ba, to ya lalace ne, ja zai danna. Na maimaita. Ya sake cewa ja zai danna. Na buɗe baki zan sake maimaitawa, sai muka ji an kashe rediyo ƙaf.

"Kai ɗan nan!" Muryar Baba ce, da abokina yake. "Wane irin kai gare ka? Tun shekaranjiya ake gaya maka abu ɗaya. In tana ƙyaftawa ta ji ka, aikinta take yi. Ka mayar da hannunka baya ka jira ta tsaya da ƙyaftawar. Muciyar kuma ba a so ta tsaya, in ta tsaya man rabuwa zai yi. Wannan ma sai an yi ta fama da kai?"

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Kaina ne da tauri."

"Da tauri kam. Allah ya sawwaƙe."

Ni ina zaune na ba su baya, na ciji leɓe har ya yi zafi don kada dariya ta kuɓuce. Daɗi kuwa ya cika ni fal, irin wanda ban san inda zan sa shi ba.

Daga ranar hanya ta buɗe ta ɓangare biyu. Baba ya fara aiko da tambaya. Yana kallon bishiya zai ce, "Kai, tambaye shi, in aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki fa?" Abokina ya juyo gare ni da fuskar gaske ya ce, "Wai in aka ɗauke wuta fa?" In ce, "Ka ce in janareta ya tashi, da kanta za ta koma rawaya ta jira. Ba za ta ci gaba ba sai mutum ya duba ya ce ta ci gaba." Ya juya ya ce, "Baba, wai za ta jira." Baba ya ce, "Na ji, ai ba kurma ba ne ni." Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Masu wucewa 'yan kudu sukan tsaya su yi kallonmu, su girgiza kai su wuce.

Kwanakin nan suna cikin waɗanda na fi so a rayuwata ta aiki. Iskar bishiyar, ƙamshin turaren da ke biyo mu har cikin riga, ɓarin goron da Baba ya fara ajiyewa a gefen kwalinsa ba tare da ya ce na wane ne ba. Abokina ya ɗauka ya raba biyu ya miƙo mini ta baya. Ba na ci a wurin, sai in sa a aljihu sai mun tashi.

Ranar gwaji da safe aka cika babbar tukunya da ruwa zalla, don kada a yi asara. Injiniya ta ce kowa ya fita sai mai gwaji. Muka taru a bayan gilashin ɗakin, ni na laɓe a ƙarshe inda ba zai gan ni ba. Baba ya zo da wankakkiyar rigar aiki, ya yi bisimilla ya hau matakala. Ya tashi tukunya daga fari zuwa kore lafiya lau. Ana cikin tafiya injiniya ta zagaya baya ta rufe bututun da ke kawo tururi ba tare da ta faɗa masa ba. Ƙararrawa ta ɗauka.

Na ga hannunsa ya tashi. Na ga babban yatsan ya nufi ja, kamar akuyar da ta san hanyar gida. Yatsan ya tsaya a sama, ya yi ɗan jim, sannan ya karkata ya sauka a kan rawaya. Launin ya fara ƙyaftawa, muciya na juyawa. Baba ya mayar da hannuwansa biyu baya ya harɗe su, ya tsaya ƙiƙam yana kallon allon. Ban san na riƙe hannun abokina ba sai da ya ce in sake shi zan karya masa yatsa. Da ƙyaftawar ta tsaya, Baba ya sauko, ya bi bututun da ido har ya gano wanda aka rufe, ya buɗe, ya koma ya ce ta ci gaba. Ya sake harɗe hannu har kore ya zauna.

Injiniya ta dawo ta duba allon. Ta bari aka ɗan yi tafiya, sannan ta ƙwala ihu da Yarabanci, "Baba, hannun mutum a cikin tukunya!" Kafin ta rufe baki ya kai wa ja mari, komai ya mutu. Ita kanta sai da ta yi dariya, ta ce wannan kam ba wanda ya koya masa. Bai ko kalli kore ba. Ya juye ruwan, ya wanke, ya mayar da allon fari, ya sauko yana goge hannu. Ta ɗan rusuna masa irin tasu ta ce, "Baba, tukunyarka ce."

Da aka tashi hutun azahar ni da abokina muna tsaye a bakin famfo, sai ga shi ya taho da butarsa. Na yi maza na cire takalmi na tsugunna. Ya tsaya a gaban abokina, ni ina gefen ƙafarsa, ina kallon silifas ɗinsa.

"Kai, ka ci gwajin kuwa?"

"Na ci, Baba."

"Ikon Allah. Da wannan kan naka?" Ya juya butar daga hannu zuwa hannu. "To ka gode wa malaminka, ya yi haƙuri da kai. Ba kowa zai iya ba." Muryarsa ta ɗan sauka. "Ka ce masa na ce Allah ya yi masa albarka. Yadda ya rufa wa wani asiri, Allah ya rufa nasa. Allah ya ba shi masu yi masa."

Abokina, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba tare da ya sa mata gishiri ba, ya juyo gare ni, babu alamar wasa a fuskarsa. Ya maimaita mini kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Baba na tsaye bai tafi ba, yana jira.

Da ƙyar na ce, "Ka ce masa amin."